Daga Garki zuwa Agiye: yadda aka bi sawun amosanin jini

Tun kafin a kawo madubin likita ƙasar Hausa, mata a Agiye da Gazawa, cikin jihar Maraɗi ta Nijar, sun san yaron da ke kwana yana ihu da ciwon gaɓoɓi da zarar sanyi ya sauka. Wasu su ce amosani ne, wasu su ɗora wa iska ko maita, balle in gida ya binne yara biyu ko uku a jere. Abin da ba a sani ba a lokacin shi ne gado ne, uwa da uba kowa da nasa kason.

A 1910 wani likita a Shikago, James Herrick, ya bayyana ƙwayoyin jini masu siffar lauje, alamar amosanin jini, a jikin wani ɗalibi baƙar fata. A 1954 Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa mai AS, wanda ya gaji abin ta gefe ɗaya, ya fi jure zazzaɓin cizon sauro. Dalilin da ya sa cutar ta yi kaka-gida a wurare da dama da sauro ke da ƙarfi ke nan.

Shaidar da ta fi shafarmu daga ƙasar Hausa ta fito. A farkon shekarun 1970 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka yi aikin yaƙi da zazzaɓi a ƙauyukan Garki, cikin Jigawa ta yau. Aka rubuta haihuwa da mutuwa gida-gida, aka auna jinin dubban mutane. Da Alan Fleming da abokan aikinsa suka haɗa awon jinin da wannan rajista, sai lissafi ya fito fili a 1979: kusan jarirai 2 cikin 100 ana haifarsu da SS, wato sun gaji abin ta gefe biyu, amma a cikin manya da ƙyar a samu ɗaya. Masu AS kuwa kashi 24 ne a jarirai, suka kai 29 a manya. Mutuwa ce ke tankaɗe su, ta kwashe mai SS tun yana goye, ta bar mai AS. Ba don an rubuta ba, da an ce ƙauyukan ba su da cutar.

Daga baya masu binciken asali suka ƙara nasu. A 2018 Charles Rotimi, ɗan Najeriya mai aiki a Amurka, da Daniel Shriner suka ƙiyasta cewa canjin da ya haifar da cutar ya faru sau ɗaya, kimanin shekara 7,300 da suka wuce, zamanin da Sahara ke da ruwa da ciyawa. Sai dai asali ba ya bin hanya ɗaya: a Burkina Faso an ga Fulani sun fi maƙwabtansu Mosi jure zazzaɓi, alhali ba su kai su yawan S ba.

A ganina babban bambancin da ke tsakanin ƙasashe ba a jini yake ba. A Ingila ana auna kowane jariri, a fara ba mai SS penisilin tun yana ɗan watanni, kuma fiye da 90 cikin 100 suna girma. A Nijar cibiyar ƙasa ta masu wannan cuta tana Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600 daga Maraɗi. An samu sauƙi: tun 2006 doka ta ce a yi wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 magani kyauta, kuma Gidan Rumji, a jihar Maraɗi, na cikin wuraren da aka fara rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina a 2013. Amma yaron da ba a auna ba, a littafin asibiti zazzaɓi ko ƙarancin jini za a rubuta masa.

Jihar Kano ta wajabta gwajin jini kafin aure a 2024. Iyaye da limamai a Agiye, Gazawa da Gidan Rumji, inda auren zumunci ke da daraja, ba sai sun jira doka ba: a auna saurayi da budurwa tun kafin a karɓi goro.