Farfaɗo da Kwaɓin Farar Ƙasa a Tsofaffin Gine-gine: Daga Wells zuwa Florence

Kwaɓin farar ƙasa dutse ne da aka sauya wa kama. Ana gasa dutsen farar ƙasa a zafin da ya kai kusan digiri 900, a jiƙa shi da ruwa, a gauraya da yashi. Bayan an ɗora gini, sai kwaɓin ya riƙa shan iskar kabon a hankali har ya sake zama dutse. Darajarsa tana cikin laushinsa: danshi yana ratsa shi ya fice, gishiri kuma ya taru a jikinsa, dutsen ginin ya tsira. A ganina, duk maganin da ya sa kwaɓin ya fi dutsen tauri ya ɓata aikin, ko da bangon ya yi kyan gani.

Tun bayan da Joseph Aspdin ya yi rajistar simintinsa a 1824, magina da yawa a Turai suka shiga cike tsagogin tsofaffin bango da shi. Ruwa ya rasa hanya, ya bi ta cikin dutse, fuskarsa ta riƙa ɓarewa. Wanda ya taɓa ganin yaɓen siminti ya kumbura ya rabu da katangar ƙasa a Kano bayan damina ya san irin wannan ciwo.

Shi ya sa aikin da aka yi wa fuskar yamma ta cocin Wells a Ingila, a shekarun 1970 da 1980, ya cancanci nazari. A wannan aiki, masanin gyara Robert Baker ya dage a yi wa farar ƙasa magani da farar ƙasa. Ana tsame ruwan da ya kwanta a saman jiƙaƙƙiyar farar ƙasa, garau kamar ruwan sha, a shayar da dutsen da ke marmashewa har wajen sau 40, sannan a cike tsagogi da kwaɓi mai laushi. Tunanin daidai ne, amma akwai cikas. Lita guda ta ruwa ba ta narkar da fiye da giram 1.7 na farar ƙasa, don haka an yi ta jiƙa bango saboda ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma yawancinsa a fatar waje ya tsaya. Ruwan kansa yana iya tayar da gishirin da ke kwance.

Masu bincike na Jami'ar Florence, ƙarƙashin Piero Baglioni, sun kauce wa wannan cikas ta hanyar zuba ƙwayoyin farar ƙasa masu matuƙar ƙanƙanta cikin sinadarin alkohol. Lita ɗaya tana ɗaukar ninkin-ba-ninkin abin da ruwa ke ɗauka. Sai dai idan alkohol ya yi saurin bushewa, yakan janyo ƙwayoyin su dawo sama, su bar farin hazo a fuskar bango. Saboda haka mai gyara yakan jira wuri ya yi inuwa, ya ɗura maganin da sirinji kaɗan-kaɗan, yana share rarar da soso mai danshi. Kafin ma ya buɗe kwalbar maganin, sai ya hau rufi ya gyara indararon da ke yoyo, ya bar bangon ya bushe.