Naushad, Makaɗin da Aka Ce Tela Ne

Duk wanda ya taɓa kallon Mother India a sinima a Kano ko Zariya ya san fuskar Nargis, tauraruwar fim ɗin. Kaɗan ne suka san Naushad Ali, mutumin da ya tsara kiɗan da ke sa 'yan kallo share ƙwalla.

An haife shi a Lucknow a 1919. Mahaifinsa akawun kotu ne, ba ya ƙaunar jin zancen kiɗa. Yaron kuwa ya shaƙu da gidan sinima tun zamanin finafinai marasa magana, lokacin da makaɗa ke zama gaban allo suna bin hoto da kiɗa. A 1937 ya bar gida zuwa Bombay, inda ya sha kwana a bakin titi kafin fim ɗin Rattan na 1944 ya fito da sunansa.

Shi da kansa ya sha ba da labarin aurensa. Danginsa sun gaya wa surukai cewa ango tela ne, don kada a hana shi mata. Ranar biki sai makaɗa suka dinga buga waƙoƙin Rattan, ga mai su zaune, ba halin ya ce nasa ne. Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Mu ma muna yi wa makaɗi liƙi a fili, in ya zo neman 'yarmu kuma mu ɗaure fuska.

Babban aikinsa shi ne yaɗa raga cikin finafinai, wato tsohon tsarin kiɗan Indiya da kowane salo ke da yanayinsa da lokacinsa na yini. Da ma kiɗan fada ne da na masana. A Baiju Bawra na 1952 ya gina waƙoƙin a kan raga, Mohammed Rafi da Lata Mangeshkar suka rera, talakawa suka karɓa hannu bibbiyu. A ganina nan ya fi nuna gwaninta, domin ya sauƙaƙa kiɗan ba tare da ya zubar masa da daraja ba.

A Mughal-e-Azam na 1960, wanda shi ma Naushad ne ya tsara kiɗansa, an nemi mawaƙin raga Ustaz Bade Ghulam Ali Khan, wanda ke ganin waƙar fim ƙasƙanci ce, ya rera waƙa. Ya yanka rupee 25,000 kan kowace waƙa don a rabu da shi. Darakta K. Asif ya biya, ustazun ya rera biyu.

Naushad ya rasu a Mumbai, wato Bombay ta da, ranar 5 ga Mayu, 2006.