Duwatsun Abzin: yadda ake shirya tafiya daga Agadez zuwa Timia da Iferwan

Yawancin mutanen kudancin Nijar a kasuwa suka san Abzin. Lemun Timia da ke isowa lokacin sanyi, albasa da tafarnuwa da dankalin Turawa na gindin Bagzan, da kantun gishirin Bilma da ayarin Abzinawa ke saukowa da shi har Damargu, duk daga can suke biyowa. Amma kaɗan ne daga cikin ƴan Maradi, Damagaram ko Tawa suka taɓa wuce Agadez don ganin duwatsun da idonsu, alhali tarihin Gobirawa ma yana cewa a Abzin kakanninsu suka zauna kafin su gangaro kudu. Shekaru da dama Turawa ne ke cika wannan hanya. Tun da suka ɗauke ƙafa, jagorori da direbobi da maƙeran azurfa na Agadez sun koma neman abinci ta wasu hanyoyi, wasu sun tafi haƙar zinariya. Ɗan ƙasa da ke da hali da niyya yana iya yin tafiyar, in ya yarda cewa a Abzin da kwanaki ake lissafin nisa, kilomita ba ta gaya wa mutum kome.

Ƙasar da ake magana

Abzin, wadda Faransawa ke rubutawa Aïr, tarin duwatsu ne a jihar Agadez da ya mamaye fili mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 84,000. Ba dutse guda ba ne mai jere. Manyan tsaunuka ne daban-daban, kowanne tsaye shi kaɗai, a tsakaninsu kwaruruwa da ƙoramu masu yashi waɗanda ruwa ke bi da damina kawai. Mafi tsawo shi ne Idukal-n-Taghes a kan tudun Bagzan, mita 2,022, kuma babu inda ya kai shi tsawo a duk faɗin Nijar. Tamgak da Grebun a arewa suna biye da shi, kowanne ya haura mita 1,900. Masana ƙasa sun nuna cewa waɗannan duwatsu dangi ɗaya ne da na Damagaram da na Jos a Najeriya, shi ya sa ake samun kuza a Elmeki kamar yadda ake samun ta a Jos.

Gabashin duwatsun da wani yanki na Tenere suna cikin gandun da gwamnati ta keɓe a 1988, mai faɗin eka miliyan 7.7 a ma'aunin hekta. Hukumar UNESCO ta saka shi cikin kayan tarihin duniya a 1991, sai kuma a 1992 ta mai da shi cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari saboda tawayen da ya ɓarke. Farauta haramun ce a ciki. Mai sa'a yana iya hango barewa ko ragon dutse, kuma akwai birai a kwaruruwan Tamgak.

Wane wata?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Wannan shi ne lokacin da rana ke barin mutum ya hau dutse da ƙafa, kuma shi ne lokacin da lambunan Timia ke nuna. Sai dai sanyin dare a kan tudu ba irin na Maradi ba ne: a Disamba da Janairu yana iya kaiwa ruwa ya kusa daskarewa. Bargo biyu, hular sanyi da rawani ba ƙawa ba ne.

Daga Afirilu zuwa Yuni zafi ne da ba ya barin tafiyar ƙafa. Daga Yuli zuwa Satumba kuma matsalar ta ruwa ce, abin da baƙo ba ya zato a ƙasar hamada. Hanyoyin Abzin da yawa cikin ƙorama suke bi. Ruwa yana iya sauka a kan dutse mai nisa, inda kuke sama tas babu ko girgije, bayan ƴan awoyi ƙoramar ta taho da ƙarfinta tana jan itace da duwatsu. Mutanen Agadez ba su manta da farkon Satumban 2009 ba, lokacin da ƙoramar Telwa ta fasa madatsa ta rushe gidaje masu ɗimbin yawa a cikin gari. Ko da rani, jagora na kirki ba ya shimfiɗa tabarmar kwana a tsakiyar ƙorama.

Masu son haɗa tafiya da biki suna da zaɓi. Bikin Abzin da ake yi a Iferwan ya saba faɗowa a ƙarshen shekara, da tseren raƙuma da kiɗan tende. Bianu na Agadez kuwa yana bin watan Muharram, saboda haka kowace shekara kwanansa na matsowa.

Isa Agadez

Daga Damagaram hanya tana bi ta Tanut da Aderbisinat, kimanin kilomita 450. Daga Tawa kuma ta Abalak, kimanin 400, a kan hanyar da ake kira ta yuraniyom, wadda aka shimfiɗa a ƙarshen shekarun 1970 domin ma'adinan Arlit. Daga Yamai tafiyar ta kusa kilomita 1,000. Manyan motoci sun ci kwaltar Tawa zuwa Arlit ƙwarai a wurare da yawa, don haka a tambayi direbobin tasha halin da take ciki kafin a tsai da rana. Wanda ya zo da bas ya fi hutawa, tunda ko yaya a Agadez za a ɗauki kat-kat. Ƙaramar mota ba ta da aiki bayan Dabaga.

A ba Agadez kwana biyu. Tsohon garin yana cikin jerin UNESCO tun 2013. Hasumiyar babban masallaci, wadda aka gina da laka a ƙarni na 16 aka kuma sabunta a 1844, tsawonta mita 27 ne, kuma daga samanta ana hango duwatsun da za a nufa. Akwai fadar Sarkin Abzin, akwai gidan da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka a 1850. Kwana biyun nan kuma su ne na aikin gaske: ganin jagora ido da ido, duba tayoyin mota, sayayya, da zuwa wajen hukuma.

Daga Agadez zuwa Timia

Kimanin kilomita 220 ne, amma yini guda cur suke ci, wani lokaci har da kwana a hanya. Ana fita ta arewa maso gabas ana bin kwarin Telwa, ta Azel da Dabaga, cikin lambuna da itatuwan goriba. Daga nan ƙasa ta fara tauri. Elmeki garin masu haƙar kuza ne, wurin shan shayi da duba mota. Bayansa hanya tana hawa tana sauka tsakanin baƙaƙen duwatsu da tsoffin tuddan aman wuta, kuma akwai wuraren da mai tafiya da ƙafa zai iya wuce motar.

Kafin a shiga garin ana tsayawa a magangarar ruwan Timia, inda ruwa ke zubowa daga baƙin dutse cikin tafki. Bayan damina yana da ƙarfi, zuwa ƙarshen sanyi sai ya rage. Timia kanta gari ne na Kel Ewe, mutanen ayari. Mazansu ne ke ratsa Tenere da raƙuma zuwa Fashi da Bilma wajen watan Oktoba, su ɗauko gishiri da dabino, sannan su gangaro ƙasar Hausa su musanya da hatsi. Saboda wannan tsohuwar hulɗa Bahaushe ba ya rasa abokin hira a nan. Tamajak ce harshen gida, amma Hausa tana biyan buƙata.

Abin da ya fi cancantar a ɓata masa lokaci a Timia shi ne lambu. Lemu, rumman, inabi, ɓaure da dabino suna tsaye a gefen ƙorama busasshiya, ƙarƙashinsu alkama da kayan miya. Da can raƙumi ko sa ne ke jan guga daga rijiya, yana zuwa yana dawowa, ruwa na zuba cikin kwararo ya bi fangali-fangali. Yau injin ban ruwa ya karɓi aikin a lambuna da yawa, abin da ya ƙara amfanin gona ya kuma ƙara jan ruwan ƙasa. A nemi izinin mai lambu kafin a shiga, kuma a sayi lemun a hannunsa. Da la'asar sai a hau tudun da Faransawa suka gina ƙaramin barikin da ake kira Fort Massu a shekarun 1950. Hawan bai kai awa guda ba, kuma daga sama ana ganin garin, korayen lambuna da jajayen duwatsu gaba ɗaya. A ganina wanda ya kwana ɗaya tak a Timia ya yi asarar wahalar hanyar da ya sha.

Asode, Iferwan da raƙuman dawa na Dabus

Daga Timia a nufi arewa, wani yinin. A hanya akwai kangon Asode, garin da ya taɓa zama mafi girma a cikin duwatsun kafin Agadez ta janye ciniki. Abin da ya rage bangayen dutse ne, da kufan masallaci, da fasassun tukwane birjik a ƙasa. Yaƙin Kawusan na 1916 da 1917, da ramuwar da sojan Faransa suka yi bayansa, sun watsa mutanen Abzin da yawa zuwa kudu, garuruwa suka zama kufai. Kada a ɗauki ko guntun kasko. Abin da masu yawon buɗe ido suka kwashe a shekarun baya, a nan da cikin Tenere, ya isa.

Iferwan tana gindin Tamgak, kuma daga nan ake shiga kwarin dutsen da ƙafa, tafiyar yini ko fiye, tsakanin bangaye masu tsawo da ƴan tafkuna a cikin dutse. Daga nan ne kuma ake fita gabas zuwa inda yashin Tenere ke dukan duwatsu, irin su Temet, Shiriyet da Arakaw. Wannan wata tafiya ce dabam, ta motoci biyu aƙalla, da nata izini da nata guzuri. A wajen Shiriyet ne jirgin Mano Dayak ya faɗi ranar 15 ga Disamban 1995. Sunansa filin jirgin Agadez ke ɗauke da shi.

Komowa ta yamma ake yi, ta Gugaram a faɗo hanyar Arlit, sannan a yi kudu. Kimanin kilomita 110 kafin Agadez, a ɗan ratse daga kwalta, akwai dutsen Dabus. An sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikinsa, babbar ta haura mita 5, kowane zane na fatarta a fili. Masana suna ba su shekaru tsakanin 6,000 da 8,000, wato zamanin da wannan ƙasa ke da ciyawa da ruwan da raƙumin dawa zai rayu. Akwai masu gadin wurin daga mutanen yankin. Ba a taka zanen, ba a zuba masa ruwa don hoto ya fito.

Bagzan

Mai son hawan dutse na gaske, Bagzan zai nufa, kuma ya kamata a ware mata nata kwanakin. Ana zuwa ta Tabelot, garin albasa, a bar mota a ƙasa, a ɗora kaya a kan jakuna. Hawan yana cin awoyi a kan hanya mai tsakuwa da manyan duwatsu. A sama abin mamaki ke jira: fili ne mai faɗi, da ƙauyuka, da idanun ruwa, da lambuna, mutane na zaune a can shekara da shekaru suna sauko da amfanin gonarsu a bayan dabbobi. Zuwa ƙololuwar Idukal-n-Taghes da dawowa, a lissafa kwana uku zuwa huɗu. Takalmi mai kama ƙafa ake so, silifa ba ta kai mutum. Masu hawan jini ko ciwon gwiwa su tsaya a Timia, ko su je Tafadek, maɓuɓɓugar ruwan zafi da ke arewa da Agadez, inda mutane suka daɗe suna zuwa neman sauƙin ciwon gaɓoɓi.

Guzuri da tsaro

Zagayen Agadez, Timia, Iferwan da dawowa yana son kwana shida ko bakwai. Da Bagzan, goma. A cika tanki da jarkoki a Agadez, domin man da ake samu a ƙauyuka na kwalba ne, da tsada, kuma ba kullum ba. Taya biyu na ajiya, shebur, igiya, famfon iska. Ruwan sha kada ya gaza lita biyar ga kowane mutum a yini, ban da na girki. Kuɗi a hannu, ƙanana, tunda rezo yana ɗaukewa da zarar an bar manyan garuruwa. Katin ɗan ƙasa da takardun mota su kasance kusa saboda shingayen jandarma. Shayi da sukari kuwa su ne gaisuwar da ake kai wa zangon makiyaya, kuma ba a ɗaukar mace hoto sai an tambaya.

Maganar tsaro ita ce ke yanke hukunci a kan sauran duka. A Iferwan tawayen MNJ ya fara a Fabrairun 2007, kuma kafin ya lafa a 2009 an binne nakiyoyi a wasu hanyoyin arewa, dalili ke nan da ba a barin sawun da motoci ke bi. An sace ma'aikatan kamfanonin Faransa a Arlit a Satumban 2010, an kuma sace Turawa a cikin garin Agadez a 2025. Tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014, zirga-zirga ta ƙaru, ƴan fashi ma sun ƙaru a hanyoyin daji. Baƙo ɗan wata ƙasa ba ya fita Agadez sai da izinin hukuma da rakiyar jami'an tsaro. Ɗan ƙasa ma ya je ofishin gwamna ko na jandarma ya tambayi halin hanya a satin da zai tashi, ya bar sunayen ƴan tafiya da ranar dawowa, ya sanar da magajin gari ko hakimin duk inda ya sauka. Ba a tafiyar dare. Jagora ya zama ɗan yankin da za a bi, wanda mutanen ƙauyuka suka san ubansa, kuma in ya ce yau ba a bin wannan kwari, sai a juya mota.