Tsayawa Takarar Kansila a Ƙananan Hukumomin Tambuwal da Kebbe

Jihar Sakkwato tana da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 244, kuma kowace mazaɓa tana tura kansila guda zuwa majalisar ƙaramar hukumarta. Mun tanadi wannan bayani ne domin al'ummar Tambuwal da Kebbe, musamman masu sha'awar neman wannan kujera, da uwayen ƙasa da hakimai da ma'aikatan ƙananan hukumomi waɗanda jama'a kan nufa da tambaya idan zaɓe ya gabato.

Mazaɓun yankin

Tambuwal da Kebbe suna kudancin jihar, kuma su biyun ne suka haɗu suka zama mazaɓa ɗaya ta Majalisar Wakilai ta Tarayya. Alhaji Aminu Waziri Tambuwal ya wakilci wannan mazaɓa daga 2003 zuwa 2015, ya kuma shugabanci majalisar daga 2011 zuwa 2015.

Ƙaramar Hukumar Tambuwal tana da mazaɓu 11, daga cikinsu akwai Tambuwal/Shinfiri, Dogon Daji/Salah, Jabo/Kagara, Sanyinna da Romon Sarki. Ƙaramar Hukumar Kebbe tana da mazaɓu 10, waɗanda suka haɗa da Kebbe ta Gabas, Kebbe ta Yamma, Kuchi, Fakku, Girkau, Sangi da Ungushi. Ƙidayar 2006 ta nuna Tambuwal tana da mutane fiye da 220,000, Kebbe kuwa fiye da 120,000. Sai dai Kebbe ta fi Tambuwal faɗin ƙasa, saboda haka ɗan takara a can zai tarar da ƙauyukan mazaɓarsa a warwatse, da tazara mai yawa a tsakaninsu.

Tushen doka

Tsarin ƙananan hukumomi na bai ɗaya ya samo asali ne daga gyaran da aka yi a 1976. Sashe na 7 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar da cewa zaɓaɓɓun shugabanni ne za su tafiyar da ƙananan hukumomi. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa kundin, ta kuma umarci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu na asusun tarayya kai tsaye. Wannan hukunci ya ƙara wa kujerar kansila nauyi, domin majalisar kansiloli ce ke amincewa da kasafin kuɗin ƙaramar hukuma.

Hukumomi biyu ne ke da hannu a zaɓen, kuma bai kamata a rikita su ba. Hukumar Zaɓe ta Ƙasa, wato INEC, ita ke rajistar jam'iyyu da masu jefa ƙuri'a, ita kuma ke bayar da katin zaɓe. Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta ta Jiha ita ke shirya zaɓen ciyamomi da kansiloli, tana amfani da rajistar INEC. Ita ce ta gudanar da zaɓukan da aka yi a jiharmu a watan Maris na 2021 da watan Satumba na 2024.

Wanda ya cancanta

Kundin ya wajabta wa gwamnatin jiha ta tabbatar duk wanda ya cancanci tsayawa takarar Majalisar Dokokin Jiha yana da damar tsayawa takara a ƙaramar hukuma. Sharuɗɗan da sashe na 106 ya gindaya su ne:

1. Ya kasance ɗan Najeriya.
2. Ya kai shekara 25. A da shekara 30 ne, gyaran da aka yi a 2018 ya rage su.
3. Ya yi karatu har zuwa matakin sakandare ko makamancinsa, kamar takardar shaidar malanta mai daraja ta biyu.
4. Ya kasance ɗan jam'iyyar siyasa, kuma jam'iyyar ce ta tsayar da shi.

Mace da namiji duk ɗaya suke a gaban waɗannan sharuɗɗa. Sashe na 107 kuma ya haramta takara ga wanda ya gabatar da takardun jabu, da ɗan ƙungiyar asiri, da wanda kotu ta samu da laifin rashin gaskiya cikin shekaru 10 kafin zaɓe. Ma'aikacin gwamnati, ko malamin firamare ne ko ma'aikacin asibiti, sai ya ajiye aikinsa aƙalla kwana 30 kafin ranar zaɓe.

Matakan takara

Mataki na farko shi ne mutum ya tabbatar sunansa yana cikin rajistar masu zaɓe ta mazaɓar da yake nema. Wanda ya yi rajista a Sakkwato ko wani gari lokacin da yake ci-rani, ya nemi ofishin INEC na ƙaramar hukumarsa ya sauya masa rumfar zaɓe tun da wuri.

Na biyu shi ne zaɓen fid da gwani. Jam'iyya na iya fitar da ɗan takara ta ƙato-bayan-ƙato ko ta sasanci. A mazaɓun da ƙauyuka biyu ko fiye suka haɗu, kamar yadda sunayen wasu mazaɓun Tambuwal suka nuna, a nan ne gardama kan taso game da garin da zai fito da kansila. Muna shawartar masu neman kujerar su tuntuɓi dattawan kowane ɓangare kafin su yanki fom.

Na uku shi ne miƙa takardu ga hukumar zaɓe ta jiha ta hannun jam'iyya, sannan tantancewa. Jadawalin da hukumar ke fitarwa kafin kowane zaɓe shi ke bayyana ranaku da takardun da ake bukata. A duba da kyau sunan da ke takardar makaranta da ranar haihuwa su dace da na katin zaɓe, domin saɓani kaɗan na iya jawo ƙara a kotu.

Na huɗu shi ne yaƙin neman zaɓe. Uwayen ƙasa da hakimai da limamai iyayen kowa ne, a kai musu gaisuwa amma kada a jefa su cikin jam'iyya. Sayen ƙuri'a da ɗaukar matasa bangar siyasa laifuka ne a doka. Ranar zaɓe, ɗan takara ya ajiye wakili amintacce a kowace rumfa domin ya sa hannu ya karɓi kwafin sakamako. Wanda bai gamsu ba, ya garzaya kotun sauraron ƙararrakin zaɓen ƙananan hukumomi cikin wa'adin da doka ta tanada.

Aikin da ke jiran kansila

Jadawali na Huɗu na kundin ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da maƙabartu, da gyaran hanyoyin karkara da magudanun ruwa, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Tana kuma da hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya da bunƙasa noma. Kansila shi ke kai kukan mazaɓarsa majalisa: rijiyar burtsatse da ta lalace, ajin da iska ta yaye wa rufi, hanyar fadama da ruwa ke yankewa da damina. Shi ne kuma zai bi diddigin kuɗin da aka ware har a ga aiki a ƙasa, ya haɗa kai da sarakuna da jami'an tsaro wajen sasanta manoma da makiyaya.

Kansila ba shi da asusun raba kuɗi, ba kuma shi ke ɗaukar ma'aikata ba. Ɗan takarar da ya yi alkawarin abin da ya fi ƙarfin kujerar, da maƙwabtansa zai riƙa haɗuwa a masallaci da kasuwa bayan zaɓe. Saboda haka muna kira ga masu neman takara su san iyakar ikon kujerar kafin su nema, ga jama'a kuma su zaɓi wanda ke zaune a cikinsu, wanda suka san halinsa da riƙon amanarsa.

Domin ƙarin bayani, a tuntuɓi jami'in zaɓe na hukumar jiha a hedikwatar ƙaramar hukuma da ke garin Tambuwal ko garin Kebbe.