Ƙuri'ar Amincewa: Abin da Tsohuwar Jihar Kaduna Ta Koya Mana

Mun saba ji a rediyo cewa 'yan majalisa sun kaɗa wa gwamna ƙuri'ar amincewa, a tafa, a watse. A yau yabo ce kawai. Asalinta kuwa ƙidaya ce mai iya kayar da gwamnati a yini guda.

A tsarin firaminista da muka gada daga Ingila, shugaban gwamnati ɗan majalisa ne, kuma mulkinsa ya dogara ga rinjayen da yake da shi a zauren. Haka Sardauna Ahmadu Bello ya riƙe Jihar Arewa daga zauren Lugard da ke Kaduna har zuwa 1966. Idan aka yi shakkar rinjayen, sai a gabatar da ƙudiri a ƙirga kawuna. Gwamnatin da ta faɗi, ko ta sauka ko a koma zaɓe. A Maris ɗin 1979 ƙuri'a ɗaya tak, 311 da 310, ta kayar da gwamnatin James Callaghan a Ingila.

A wannan shekarar ce Najeriya ta koma tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka, inda ake zaɓen gwamna daban, 'yan majalisa daban. Dattawanmu na Tudun Wada ba su manta da abin da ya biyo baya ba. Jihar Kaduna, wadda a lokacin ta haɗa da Katsina, ta zaɓi Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP, amma ta ba NPN kujeru 64 daga cikin 99 na majalisa. Gwamnan ba ya iya naɗa kwamishinoni sai da yardar majalisa. Duk sunayen da ya aika, sai a mayar masa.

A tsohon tsari da rigimar ta ƙare cikin mako guda, domin marar rinjaye ba ya ko kafa gwamnati. Sabon tsari bai tanadi wannan ƙofa ba. Majalisa ba ta iya cewa kawai ba ta amince ba, gwamna kuma ba ya iya rusa ta a koma wa talakawa su raba gardama. Hanya ɗaya ta rage, wato tsigewa, wadda sai an tuhumi mutum da babban laifi. Jihar ta shafe fiye da shekara ɗaya da rabi babu kwamishina, har aka tsige Balarabe ranar 23 ga Yuni, 1981, gwamna na farko da aka yi wa haka a ƙasar nan. Mataimakinsa Abba Musa Rimi ya gaje shi.

A can baya maƙwabtanmu na Nijar suna da waccan ƙofa. Ranar 31 ga Mayu, 2007, 'yan majalisa 62 cikin 113 suka janye amincewa daga gwamnatin Hama Amadou. Cikin 'yan kwanaki Shugaba Tandja ya naɗa Seini Oumarou, aiki ya ci gaba.

Ba mu ce tsarin nan ba shi da aibu ba. Gwamnatin haɗin gambiza tana iya rushewa kan ƙaramin saɓani. Amma idan muka sake jin an kaɗa wa wani ƙuri'ar amincewa, ya kamata mu tambaya: mutum nawa suka ce a'a, kuma da sun yi rinjaye, me zai faru?