Tarihin Rage Surutun Kanel a Allon Linux

A kwamfutocin Unix na shekarun 1970, kanel, wato zuciyar tsarin, yana aika gargaɗinsa kai tsaye zuwa keken rubutun da ke gaban mai kula da injin, a buga shi a takarda. Da allo ya maye gurbin takarda, al'adar ta ci gaba: mutum na cikin rubuta umarni sai saƙon lalacewar faifai ya faɗo tsakiyar layinsa.

A shekarun 1980 Eric Allman ya ƙirƙiro syslog, wanda ya kasa saƙonni mataki takwas, daga 0 na halin gaggawa zuwa 7 na masu farautar kurakurai. Linux, wanda Linus Torvalds ya fitar a 1991, ya ɗauki wannan rabo ga printk, hanyar da kanel ke magana da ita. Kowane saƙo yana shiga wani ƙaramin rumbu inda sabo ke ture tsoho, amma ba ya fitowa a allo sai lambarsa ta gaza iyakar da aka sa.

Daga nan hanyoyin rage surutun suka samo asali. Umarnin dmesg -n 1 yana barin saƙon gaggawa kaɗai. Kalmar quiet a lokacin tayar da injin tana saukar da iyakar zuwa 4. Lamba ta farko a fayil ɗin /proc/sys/kernel/printk ita ce iyakar, kuma ana dawwamar da ita ta sysctl. Saƙon da aka ɓoye yana nan a rumbu, dmesg na nuna shi.