Baƙon Java a Gidan AS/400

A watan Yunin 1988 kamfanin IBM ya fito da kwamfutar AS/400, wadda injiniyoyinsa na garin Rochester a jihar Minnesota ta Amurka suka ƙera don ta gaji System/36 da System/38. Masu sayenta su ne masana'antu da 'yan sari da bankuna da kamfanonin inshora, mutanen da ke son injin da zai riƙe lissafin kaya, ya fitar da takardun kuɗi, ya biya albashi a ƙarshen wata ba tare da an yi ta jinyarsa ba. Rumbun bayanai a cikin babbar manhajarta OS/400 yake, ba sai an saya daban ba. Akawuna kuwa suna zaune gaban baƙin allo mai koren rubutu, ba hoto ba linzami, sai maɓallan da yatsu suka haddace.

Kusan shekara goma ana zaman lafiya, sai ga yanar gizo. Abokin ciniki da a da yake buga waya ya tambayi inda kayansa suka kwana, yanzu so yake ya buɗe burauza ya gani da idonsa. A 1997 IBM ya shiga tallar kasuwanci ta intanet, har ya liƙa wa sunan injin harafin "e". A 1998 harshen Java ya shiga OS/400, kuma a shekarar ce aka saki WebSphere na farko, sabar Java da ke tsayawa tsakanin shafin intanet da bayanan kamfani.

To, ina za a girka ta? Nan aka ja daga.

Masu cewa a ɗora ta kan injin da ake aiki da shi suna da hujja mai ƙarfi. Bayanan suna nan, an riga an biya kuɗin injin, kuma kamfanoni da yawa ba su da ma'aikatan kwamfuta sai mutum ɗaya ko biyu masu rubuta manhaja da harshen RPG. Wa zai kula da sabon inji? Sai dai Java baƙuwa ce mai ci da yawa. Manhajojin RPG ƙanana ne, abu kaɗan ke isarsu, ita kuwa Java tana son mimori mai faɗi, kuma lokaci-lokaci takan bi shi tana share abin da aka gama amfani da shi. In aka haɗa ta rabo ɗaya da sauran ayyuka, sai injin ya koma kai-da-komo tsakanin mimori da faifai, allon mai shigar da oda ya tsaya cik, ga kwastoma a waya yana jira. Kafin ma a kai nan akwai tarin gyare-gyaren da IBM ke kira PTF, waɗanda sai an saka su tukuna, wasu kuma ba sa kama aiki sai an kashe injin an kunna. Injin da kamfani duka ya rataya a kansa ba a kashe shi ranar Talata da hantsi. Shi ya sa aikin ya zama na daren Asabar, bayan an kwashe komai a kaset don gudun ɓacin rana. Ga kuma tambayar da ke hana manaja barci: injin da ke ɗauke da albashin kowa ne za a buɗe wa ƙofa zuwa intanet?

Maganin farko na matsalar mimori tsoho ne, tun zamanin System/38: a ware wa sabar sashenta da rabonta na mimori. Na biyu ya zo a 1999 tare da OS/400 V4R4, lokacin da aka samu damar raba inji ɗaya zuwa ɓangarori masu cin gashin kansu. Da fari kowane ɓangare sai da furosesa guda cur, abin da ƙaramin kamfani ba zai iya ba. Sai a 2001 aka fara raba furosesa ɗaya, aka kuma bar Linux ya zauna a nasa ɓangaren. Wasu ba su jira ba: suka sayi kwamfuta mai araha, suka girka manhajojin saba na Apache da Tomcat, suka bar ta a gaba tana ɗebo bayanai daga AS/400 da ke baya. A gaskiya, ga mai ƙaramin jari wannan ya fi kwanciyar hankali, ko da 'yan tallan IBM ba su so jin haka ba.

Sunan injin ya yi ta canzawa: iSeries a 2000, System i a 2006, sannan a 2008 aka haɗe shi cikin Power Systems, manhajar ta koma IBM i. Masu RPG da yawa ba su taɓa sabawa da Java ba. Da IBM ya haɗa kai da kamfanin Zend aka kawo PHP kan injin a 2006, da dama daga cikinsu can suka nufa don rubuta shafukansu.